Naɗi Ashirin da Huɗu

Akwai alkawarin da na yi wa matata tun babban ɗanmu yana sakandare, kuma har ya yi aure ya haihu ban cika shi ba. Ba mantawa na yi ba; da mantuwa ce, da abin ya zo mini da sauƙi. Duk safiyar da na buɗe shagona na gyaran rediyo, sai idona ya faɗa kan wani kwali a saman kantar shagon, in kawar da kai.

Zobe ne ya ɓace mata, siriri, na azurfa, shi kaɗai ne abin da ya zo hannunta daga kayan mahaifiyarta. Tana wanki a tsakar gida ta zare shi saboda sabulu, ruwan sama ya sauko ba zato, ta ruga kwashe shanya, kafin ta dawo ƙasa ta zama taɓo. Ita da yara suka lalube har suka gaji. Da na dawo daga shago na tarar da ita a bakin ƙofa ta yi tagumi, sai na ce mata, da irin tabbacin nan na mai sana'a, "Share hawayenki. Zan haɗa miki na'urar da ke jin ƙarfe a cikin ƙasa. Aikin 'yan kwanaki ne."

Ba cika baki na yi ba, domin na'urar ba ta da wuya. Zuciyarta koyil ne, wato wayar tagulla da aka naɗe kamar gammo aka ɗaura a ƙarshen sanda. Koyil yana da wani ƙarfi da muke kira indaktans, shi ke yanke saurin da wuta ke kaɗawa a cikinsa. A cikin akwatin na'urar kuma akwai wani ɓangare mai kaɗawa da saurin da ba ya canjawa. In saurin nan biyu suka yi kusa da juna, sai a ji siririn kuka a lasifika, kuma da ƙarfe ya matso kusa da koyil, kukan ya sauya murya. In suka yi nisa da juna kuwa, ba a jin komai.

Lissafina ya ce zagaye mai faɗin santimita ashirin, naɗi ashirin da huɗu a matse, zai ba ni indaktans mai awon maikrohenri ɗari uku, daidai abin da akwatin ke bukata. Indaktans ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da naɗi: in ka ninka naɗi sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa, saboda haka naɗi ɗaya ma ba abin wasa ba ne. Na naɗa wayar a gindin bokitin roba, na zare ta a hankali, na ɗaure da zare, na kwantar a kan teburin aiki, na maƙala masa mita, wato na'urar awo. Ta nuna ɗari biyu da hamsin.

Na sake lissafi, bai canja ba. Na zargi wayar, na sayo wata. Na zargi mitar, na aro ta wani abokin sana'a, ita ma ta faɗi abin da tawa ta faɗa. Ni kuwa tun ina koyon aiki aka horar da ni cewa ba a sa wa na'ura abin da mita ba ta amince da shi ba. Don haka ban taɓa gwada koyil mai naɗi ashirin da huɗu a jikin akwatin ba. Sai na ƙara naɗi uku har mita ta gamsu, na haɗa, na fita waje da sandar, na kunna. Shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Haka na tsaya tsakanin shaidu biyu, lissafi da mita, kowa na ƙaryata ɗan'uwansa. Kunya ta hana ni tambayar kowa. Nakan sauko da kwalin bayan watanni, in warware, in sake naɗawa, in mayar. Da farko matata takan ce, "Malam, ya batun na'ura?" In ce ana kai. Daga baya ta daina tambaya, kuma shirun nata ya fi tambayar nauyi.

Sai ga shi bana ɗanmu ya ce ya gaji da ganin mahaifiyarsa tana santsi a taɓo da ciwon gwiwa, ya yi magana da magini a zo a malale tsakar gidan da siminti. Buhuna suka iso da safe, aka jera su a bakin ƙofa, magini ya ce washegari zai fara. Matata ta dubi buhunan, ta dubi ƙasa, ta ce, "To, Allah ya yi albarka." Ba ta dube ni ba.

Na isa shago ban saurari rediyon kowa ba. Na kife bokiti, na naɗa sabon koyil, ashirin da huɗu cif, ina ƙirgawa a bayyane kamar ɗan makaranta. Na kwantar a tebur. Ɗari biyu da hamsin.

Ina zaune na zuba masa ido sai ga ƙanwar matata ta yi sallama, ta zo karɓar fankarta. Tun tana yarinya ba ta raga mini, yanzu da ta yi jikoki ma sai abin da ya ƙaru.

"Injiniya, fankar tawa ta warke, ko ita ma ta shiga layin na'urar Yaya?"

"Ga ta can. Ki ɗauka ki ba ni wuri."

"Oh, yau kuma 'yan miskilancin ne a kusa? Wannan fa? Sana'ar gammo ka koma?"

"Kada ki taɓa, auna shi nake yi."

"Ai shekara da shekaru kana aunawa. Da tela ne kai, da tuni mun yi yawo tsirara. Bari dai in gwada ko ya yi mini, in ɗora fankar a kai."

Kafin in miƙe ta ɗaga koyil ɗin, wayoyin mita na reto a jikinsa, ta aza a kan ɗankwalinta. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai idona ya sauka a fuskar mita. Ɗari uku da biyu.

"Tsaya! Kada ki motsa!"

"Innalillahi! Wuta ce a jiki? Mijin Yaya, kashe ni za ka yi?"

"Babu wuta. Sauke shi a hankali. A hankali na ce."

Tana saukewa lambar na tsaye, har sai da ya kusa tebur, sannan ta fara zamewa: ɗari biyu da tamanin, da sittin, da hamsin. Na durƙusa na leƙa gefen teburin. Tsakanin katakon sama da na ƙasa, ga wani farin layi siriri. Fallen alminiyam ne na wani tsohon allon talla, wanda ni da hannuna na shimfiɗa shekarar da rufin shagon ke yoyo, daga baya na rufe shi da filawud don gudun wuta, na manta da shi sarai.

Na daɗe a durƙushe. Ashe duk koyil ɗin da na warware lafiyarsa ƙalau. Ƙarfe aka yi shi ya ji, ya kuwa ji, yana ta faɗa mini, ni ina tuhumarsa. Lissafi bai yi ƙarya ba, mita ma ba ta yi ba; ni ne ban taɓa ɗaga abin daga inda na saba ajiye shi ba.

"Lafiya? Ko bayan ne ya riƙe?" in ji ta.

"Riƙe mini sandar nan."

Na manna wayoyi biyu da dalma, na ɗaure koyil, muka fita bakin titi. Ina kunnawa siririn kuka ya tashi. Ta miƙo makullinta kusa, kukan ya haura sama. Ta yi shewa har mai shagon kusa ya leƙo.

Rana ta fara sanyi muka shiga gida, ita da fanka, ni da sanda. Na wuce kai tsaye gindin lemun tsami, inda na saba ganin matata tana wanki. Ƙasar ta yi ta magana: ƙusoshi, murafun kwalba, wani cokali da aka taɓa zargin yara da shi. Na tona ramuka har hannuna ya yi kanta, babu zobe. Matata na tsaye a ƙofar kicin tana kallo.

Na jingina da bishiyar ina haki. A nan ne ya faɗo mini cewa tun ranar da abin ya faru, ina ta tambayar waya da mita, amma akwai tambaya ɗaya da ban taɓa yi ba. Na ajiye sandar na je gabanta.

"Maman yara, a ina kika zauna ranar?"

Ta dube ni.

"Sai yau?" ta ce. Ba da faɗa ta faɗa ba.

Ta kama hannun rigata, tana ɗingishi, ta kai ni can jikin katanga kusa da famfo. "Tururuwa sun cika gindin lemun ranar, sai na dawo nan. A kan bulon nan na ajiye shi. Ruwan kuma can ya bi, wajen magudana."

Na bi hanyar ruwan da koyil, a hankali, dab da ƙasa. Kusa da bakin magudana kukan ya ɗan lanƙwasa, kaɗan ƙwarai, har sai da na koma na sake bi. Na durƙusa na tona da cokalin nan da na samu. Ya fito a cikin dunƙulen laka, baƙi ƙirin, ya ɗan lotse ta gefe ɗaya.

Ƙanwarta ta rufe baki da mayafi.

Na buɗe famfo na wanke shi, na goge da gefen rigata har farin ya fara leƙowa. Matata ta miƙo hannu. Na gwada a yatsan da take sa shi a da, ya tsaya a gaɓa, ya ƙi wucewa. Shekaru sun kumbura yatsun. Sai na kama ƙaramin yatsanta na zura mata.