Bai Ce Ban da Altine Ba

Ƙofa ta huɗu ke nan da Shafa'atu ta yi sallama tun hantsi, tulu a kanta, gawar mahaifiyarta tana kwance a ɗaki an rufa mata zane. Abin da take nema bai taka kara ya karya ba: mace ɗaya da za ta zuba mata ruwa ita kuma ta cuɗa, a kai tsohuwa makwancinta kafin rana ta faɗi.

Inna Jaɓɓo, matar limamin Amarawa, ta leƙo ba ta ko ajiye abawar da take kaɗawa ba.

"Mi ya faru, ɗiyata?"

"Inna ta cika. Ki taimaka min da wanka."

"Allah shi jiƙan Musulmi. Hannuna dai ba ya taɓa jikin da iskoki sunka hau."

Shafa'atu ta dubi hannun. Wannan hannun ne fa ya sha karɓar saiwoyi wurin mahaifiyarta ta bayan danga, duk lokacin da goyo ya ƙi tsayawa.

* * *

Mahaifiyar tata, Altine, ta yi bori, ba ta taɓa musu ba. Amma tun shekarar da jama'ar jihadi suka iso ƙasar nan ta ƙona tsummokinta na bori a bainar jama'a, yau shekara ashirin. Garin ya karɓi tubarta da baki, ya ci gaba da ware mata ƙwaryar sha.

Ba ta yi karatu ba. Aya ɗaya ta tsinta daga bayan zauren tafsiri, wadda aka ce kada bayi su yanke ƙauna, Allah yana gafarta zunubai gaba ɗaya. Da ita take kwana, da ita take tashi. In Shafa'atu ta dawo rijiya tana kukan gori, sai tsohuwar ta yi murmushi.

"Duka ya ce, ɗiyata. Na kasa kunne da kyau. Bai ce ban da Altine ba."

* * *

Da la'asar Shafa'atu ta daina yawo. Ta durƙusa ita kaɗai, tana ɗiba da hagu tana cuɗawa da dama, ruwan yana zuba inda ba nan ta nufa ba.

Azumi ne, an buɗe tafsiri a zauren liman. Muryar mai jan baƙi ta tsallako danga da ayar nan ta Altine, liman ya fassara, mata suka amsa daga bayan zaure da kabbara mai daɗi, har da masu sheshsheƙa.

Fuskar Altine kuwa a sake take, kamar ta mai barcin rana. Shafa'atu ta rasa mai riƙe mata kafaɗar, sai ta tokare ta da gwiwa, ta juya ta.