Inda Kwallin Yake Tafiya

Gidan da Suwaiba da mijinta Garzali suke haya a East Greensboro, can ƙasar Turawa, ɗan ƙaramin gidan jan bulo ne, cikin waɗanda aka jera wa sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya. Duk layin kamarsu ɗaya, kamar ƙosan da aka saka da cokali guda. Inna Jimmai, mahaifiyar Suwaiba, daga Katsina ta zo wankan jego, da niyyar in an yi arba'in ta koma. Arba'in ta wuce, jaririya ta yi zama, ta yi rarrafe, ta tashi da ƙafarta, Inna tana nan a kujerar bakin taga tana cewa bana dai za ta tafi.

Sunan yarinyar Zahara, sunan mahaifiyar Inna kenan, don haka bakin Inna bai taɓa furta shi ba. Uwata take ce mata.

Suwaiba tana aiki a gidan kula da tsofaffi, da sassafe take fita. Garzali kuwa direban babbar mota ne, ganinsa sai an yi sa'a. Gidan ya zama na mutum biyu, tsohuwa da takwarar uwarta. Kullum da hantsi Inna za ta yi wa yarinyar wanka, ta mulke ta da mai, sannan ta zaro ɗan tandun kwalli daga jakar carbinta. Tandun na marigayiya uwarta ne, fatarsa ta yi baƙi ta yi santsi don shan hannu. Dutsen kwallin kuwa Inna ce ta niƙa shi da kanta kafin ta hau jirgi. A ganinta, yaron da ba a sa wa kwalli ba kamar wanda aka fitar ba wando ne. Da ta zizara shi a idon Zahara sai ga marigayiya zaune a cinyarta, da manyan idanun nan masu kallon mutum har cikinsa. Wannan ne lokacin da Inna ta fi so a duk yininta.

Bayan azahar gidan kan yi tsit. Rana ta ratso labule ta kwanta a ƙasa, jirgin ƙasa ya yi kuka can nesa, Inna ta fara gyangyaɗi. A irin wannan lokacin ba ta cika sanin garin da take ba. Wani sa'in sai ta ji ƙamshin turaren wuta na ɗakin uwarta yana fitowa daga ramin na'urar sanyaya ɗaki. Wani sa'in ta ga wani dogon soja baƙar fata, wanda ta ƙaddara shi ne ya fara zama a gidan, yana wucewa ta tsakar falo da guga yana shafa wa bango fenti. Ba ya damunta, ita ma ba ta damunsa. Har sannu da aiki takan yi masa a ranta.

Rannan Suwaiba ta taso daga aiki ta kai Zahara asibitin gunduma da yamma, aka yi mata awon jinin da ake yi wa yara. Bayan 'yan kwanaki aka kira waya aka ce akwai dalma a jininta. Ba ta kai ta kwantar da ita ba, amma ta wuce yadda ya kamata. Gaban Inna ya faɗi, domin ta tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe, waɗanda ta ji labarinsu a rediyo. Ta dubi Zahara tana ta guje-guje tana bin ƙwallo, lafiyarta ƙalau. Suwaiba ta ce ai nan ne abin tsoron yake: ba zazzaɓi, ba kuka, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwa, sai yaro ya isa makaranta a ga karatu ya ƙi zama. Kuma muddin ba a gano ta inda take shiga ba, kullum ƙaruwa za ta yi.

Ma'aikatar lafiya ta turo Dalila, wata 'yar Maraɗi da ta girma a nan, mai Hausa da ɗanɗanon Faransanci. Ta durƙusa ta gai da Inna, abin da ya sa Inna ta yafe mata wandon da ta sa. Ta zo da wata na'ura mai kama da bindigar wasan yara, tana ɗora bakinta a bango tana duba lamba. Ta ce gidajen wancan zamanin da fentin dalma aka shafe su. Inna ta harari sojan nan nata a ranta. Dalila ta bi tagogi, ta bi ƙofofi, ta ɗebi ruwan famfo, ta ɗebi ƙasar bayan gida inda Suwaiba ta shuka yakuwa da rama. Ta shiga kicin ta ɗan tsakuri kuka da daddawa da yaji. Ta tambaya ko ana shafa wa yarinyar wani abu daga gida, Suwaiba ta ce man kaɗanya ne kawai. Ba ɓoyewa ta yi ba. Ita ma da kwalli ta tashi, kuma ba wanda yake lissafa kwalli cikin abin shafawa. Zahara kuwa tana ɗaki tana barci, ta kifa fuska a filo.

Bango bai nuna komai ba, an daɗe da kankare tsohon fentin. Duk da haka da Garzali ya dawo ya ce shi ba zai zauna jiran ruwa da ƙasa ba, tashi za su yi, ya ga wani gida a Pleasant Garden. Suwaiba ta tsaya a ƙofar baya tana kallon yakuwarta.

Washegari Inna ta yi wa yarinyar wanka, ta rambaɗa mata kwalli fiye da kullum, don tausayi. Bayan azahar ta zauna a bakin taga, barci yana fizgarta. Sojan ya zo wucewa, amma yau ba guga a hannunsa. Ya tsaya, ya buɗe mata tafukansa wayam, kamar mai cewa ni dai ba ruwana. Sai ta ji muryar uwarta daga wajen labule, da tambayar da takan yi mata tana ƙarama in ta dawo daga wasa: ke kuma ina kika kai kwallin da na sa miki?

Inna ta buɗe ido. Zahara tana zaune a cikin hasken ranar nan, barci ya fara kama ta. Ta dunƙule hannu ta murtsuke ido, ta murtsuke ɗayan, bayan hannun ya yi baƙi. Sannan ta tura shi a baki tana tsotsa, kamar yadda take yi kullum.

Kullum da hantsi ana sa kwallin, kullum kafin la'asar ya ɓace. Inna ba ta taɓa tambayar inda yake tafiya ba. Kunya da tsoro suka kama ta. Ta ɗauko tsumma ta goge hannun, ta goge idanun, har yarinyar ta fara ƙunƙuni.

Tana iya yin shiru. Ta daina sawa kawai, a tashi daga gidan, jini ya gyaru, kowa ya ce gidan ne. Ba surukin da zai dube ta, kuma tandun uwarta yana nan a jaka. Ta juya wannan tunanin har ta gaji da shi. Amma ta san gidaje nawa ta ƙulla wa kwallin nan a leda a wajen suna, kuma duk masu jarirai ne.

Ranar da Dalila ta dawo da sakamako ta ce ruwa lafiya, ƙasa lafiya, kuka da daddawa ma lafiya. Suwaiba ta dafe kai. Inna ta jawo jakar carbinta, ta ɗora tandun a tebur.

"Ɗora bindigar taki a nan, 'yar nan."

Dalila ta zazzage kaɗan a leda ta auna. Ta daɗe tana kallon lambar. Ta ce za ta aika a tabbatar, amma fuskarta ta riga ta gama magana.

"Inna, kwalli?" Suwaiba ta ce a hankali. "Ai ni ma da shi kika raine ni."

"Da shi na raine ki. Ki ba ta sunayen waɗanda na rarraba wa."

Dalila ta ce, "Mama, ba ke kaɗai ba ce, wallahi. Tandun kuma, pardon, sai na tafi da shi. Kwallin ya shiga fatar, ba zai wanku ba." Ta karɓa da hannu biyu, ta sa a leda ta liƙe. Inna ta bi ledar da kallo har mota.

Washegari da hantsi Inna ta yi wa Zahara wanka, ta mulke ta da mai. Yarinyar ta haye cinyarta, ta ɗaga haɓa, ta ware ido tana jira kamar yadda ta saba. Inna ta kai hannu jaka, carbi kawai ta taɓo. Ta dubi idanun nan farare tas, ta nemi marigayiya a ciki, ba ta same ta ba. Wata yarinya ce daban, mai idon ubanta, kuma kyakkyawa. Hawaye ya zubo mata. Ta wanke ɗan yatsanta, ta bi gefen idon dama da shi, ta bi na hagu, ba komai a jikinsa.

"To, kin yi kyau," in ji ta. Sannan ta ce, "Zahara."

Yarinyar ta waiga tana neman wanda ya kira ta.