Honarabul a Cikin Ƙwarya

Tun kafin keke-napep ɗin ya gama tsayawa Rabi ta rangaɗa guɗa, har agwagin maƙwabta suka watse daga kududdufin ƙofar gida. Mijinta, Malam Ladan tela, ya sauko yana tattare ƙafar wando, ya bi ta kan duwatsun da aka jera don tsallake caɓi. Ya rame, amma bakin nan nasa yana nan yadda aka san shi.

"Ke Rabi, irin wannan guɗa sai ka ce daga Makka na dawo? Gidan yari fa na fito."

"Ko daga ina ne, Malam, ka dai dawo," in ji ta, tana goge ido da bakin mayafi.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Esta, malamar firamaren da ke haya a ɗakin waje, ta kawo farfesun kifi. 'Yan unguwar Bagama suka yi ta shigowa, kowa da "barka da arziki" da "Allah ya kiyaye gaba". Ladan na tsakiyar tabarma yana ba su labarin sauron can, wai don ladabi sai sun yi wa mutum sallama a kunne kafin su cije shi. Aka yi ta ƙyaƙyatawa. Abin da ya kai shi ne dai ba wanda ya ambata, alhali duk mazauna tabarmar nan sai da suka riƙe ciki ranar da hoton ya faɗo wayoyinsu.

*

Kududdufin nan ne silar komai. Lokacin neman ƙuri'a Honarabul ɗin yankin ya tsaya a bakinsa ya rantse zai shimfiɗa kwalta, daga nan ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. Wata rana Tayyiba, 'yar Ladan ta fari mai shirin jarrabawar shiga jami'a, ta ari wayar babanta don tata ba data. Ta haɗa hoton Honarabul da babbar rigarsa, zaune daram cikin ƙwarya, yana tuƙi da ludayi a tsakiyar ruwan. Don 'yan gida kawai ta yi.

To amma Ladan na da al'adarsa. Duk Juma'a sai ya aika wa kowace lamba da ke wayarsa gaisuwa, dangi da kwastomomi, wai da zumunta a ƙafa take, yanzu ta koma yatsa. A wannan Juma'ar, da ya yi dariya har da hawaye, sai ya ga rowa ce ya ji daɗi shi kaɗai, ya tura wa kowa da kowa. Ya sha'afa cewa cikin kwastomominsa har da mai riƙe wa Honarabul jaka, wanda yake ɗinka wa kaftani duk salla.

Da 'yan sanda suka zo, suka ce laifin cin zarafi ta intanet ne, suka tambayi wanda ya haɗa hoton. "Ni ne," in ji Ladan, mutumin da ko lamba ba ya iya adanawa sai an taya shi. Haka ya maimaita a gaban alƙali. Sai da dattawan unguwa suka yi ta safa da marwa, shi kuma ya tsaya gaban kyamara ya ba da haƙuri, ya ce Honarabul uba ne ga talakawa, sannan aka janye ƙara. Aka ja masa kunne cewa in ya kuma, ba sauran roƙo.

*

Da 'yan barka suka watse, Tayyiba ta zo ta durƙusa a gefen tabarma.

"Baba, ni ya kamata a ce..."

"Ya kamata me? Ki ci jarrabawarki, shi ne ya kamata." Ya sassauta murya. "Amma tsakani da Allah, ludayin nan ya zauna. Hannun gidan tela ne da ke."

Ta yi dariya hawaye na zuba.

"Ku dai rage murya," in ji Rabi daga bakin murhu. "Ba Esta kaɗai ke jin mu ba, bango ma yana da kunne."

Ladan ya ji daɗi har cikin ransa. Ga 'yarsa a gabansa ba wanda ya taɓa ta, ga keken ɗinkinsa an shafe masa da mai, ga tuwo na hayaƙi. Babbar wayar kuwa Rabi ta tura ƙasan akwati, ta ba shi wata 'yar ƙarama mai madannai, bai ko yi musu ba.

Juma'ar da ta biyo aka kwana ana ruwa. Ya fito zai tafi masallaci, Tayyiba na biye da shi da dardumar da ya manta. Ashe iska ta ɓamɓaro fastar Honarabul daga jikin falwaya ta jefa a kududdufi. Ga shi nan yana lilo a kan ruwa, da murmushinsa da babbar rigarsa, wata agwagwa na masa rakiya.

Tayyiba ta ga kafaɗun babanta sun fara girgiza. Sai ya dubi dama, ya dubi hagu, ya kai hannun riga ya toshe bakinsa, ya mayar da dariyar tari. Ya karɓi dardumarsa, ya tattare ƙafar wando, ya bi ta kan duwatsu kansa a sunkuye.