Wata Takwas a Mokpo

Wata ɗaliba mai suna Ban Seul-bi tana shekara ta biyu a jami'a a birnin Gwangju aka liƙa sanarwa: ɗaliban da suka tashi a hannun riƙo ba za a fitar da su daga ɗakunan kwana a hutun hunturu ba, kuma za a ciyar da su har a dawo karatu. Bara a wani ɗan akurkin haya marar taga ta yi hutun, tana kwana da rigar sanyi biyu. Saboda haka ba ta tsaya jan ƙafa ba. Abu ɗaya aka nema, takardar shaida daga cibiyar da ke raba yara a gidajen riƙo.

Malama Tak, wadda ke kula da al'amuranta a cibiyar tun tana sakandare, ta buga takardar tana yi mata tsiya.

"Ke da ba a ganinki sai da buƙata. Dubi wuyanki, ba a dafa shinkafa a jami'ar taku ne?"

"Ana dafawa, Malama, ci ne sai mai sa'a."

Seul-bi ta karɓi takardar tana dariya, sai dariyar ta tsaya. Gida huɗu ta sani, tana iya faɗin launin ƙofar kowanne. A takardar gida biyar ne. Na farkon, wata mata ce mai suna Gu Jeong-rye a Mokpo, wata takwas, lokacin tana shekara huɗu. A gefe an rubuta: an janye yarinya.

"Malama, an yi kuskure. Ni ban taɓa zama a Mokpo ba."

Malama Tak ta gyara tabarau ta duba. "Kafin zuwana ne. Ba a kuma rubuta dalili ba." Ta mayar mata da takardar. "Ba dole ba ne ki tona. Amma in kina so, sai in kira in ji ko za ta yarda."

Matar ta yarda tun kafin a gama tambayar.

Ranar Asabar da hantsi Seul-bi ta sauka daga bas, ta hau wani lungu mai matakala a unguwar da ke kallon tashar jiragen ruwa. Tana ta jiran wani abu ya motsa a ranta, ko bango ko wari, babu. Ta tsaya a wata ƙofa shuɗiya, ta ƙwanƙwasa.

Daga ciki wata murya ta ce, "Mi-ran?"

"Na'am," in ji Seul-bi.

Bakinta ne ya amsa, ba ita ba. Tun tana ƙarama, in aka kira wannan suna a kasuwa ko a aji, sai ta waiga, har ƙawaye suna mata dariya. Ba ta taɓa sanin dalili ba.

Wadda ta buɗe ƙofar za ta yi shekara sittin, gajera, hannuwanta sun yi kaushi da gyaran kifi. Ta rufe bakinta da tafin hannu.

"Yi haƙuri, 'yata. Kwana biyu ina maimaita sunanki don kada in yi haka. Shigo, ƙasan ɗakin da ɗumi."

An riga an jera abinci a ƙaramin tebur, miyar ganyen teku, soyayyen kifi, kimchi iri uku, wato jiƙaƙƙen ganye mai yaji. Seul-bi ta zauna, amma idonta yana kan bango. Hotuna biyu ne a jere. A kowanne, yarinya ce cikin jar rigar sanyi, an yanke mata gashi daidai gira, tana tsaye a bakin wannan ƙofar.

"Wacce ce ni, Inna?"

Matar ta miƙe ta nuna na hagu. Sai ta janye yatsan. Ta sauke hoton, ta juya bayansa ta karanta.

"Na daman ne ke."

Daga nan ta zauna ta faɗi komai, ba ta nemi wanke kanta ba. Mi-ran 'yarta ce tilo, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta tana shekara biyar. Bayan shekara guda ita da mijinta suka rubuta sunansu a masu riƙo, aka kawo musu Seul-bi da 'yar jaka ɗaya.

"Da farko rigar kawai na sa miki, don akwai sanyi. Sai gashin. Sai sunan ya suɓuce mini sau ɗaya, kika amsa. Wallahi da ba ki amsa ba..." Ta girgiza kai. "A'a, ba laifinki ba ne, me ɗan shekara huɗu ya sani? Ran nan ma'aikaciyar cibiyar ta zo duba ki, ta tsuguna ta ce, 'Yan mata, yaya sunanki? Kika ce Mi-ran. Ba a yi mako ba suka zo da mota. Kuma gaskiyarsu."

Seul-bi ta ɗauki cokali ta ajiye. Akwai abu ɗaya da take riƙe da shi tun tasowarta, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Yanzu da ta ga teku ta taga, sai ta ji tsoron tambaya, ta kuma kasa yin shiru.

"Inna, ina tuna na taɓa faɗawa ruwa. Ruwan kore ne, da gishiri. Wani mutum ya cafko ni ta wuyan riga, yana ta dariya yana kuka. Shi ne kaɗai abin da na sani na mahaifina. Ko sun gaya muku wani abu a kansa?"

Matar ta girgiza kai.

"Mi-ran ce ta faɗa ruwa. A ƙasan nan, wajen da ake ɗaure jirage. Marigayi maigidana ne ya tsamo ta. Kullum sai ya ɗora ki a cinya ya ba ki labarin, yana cewa, kin tuna ranar da kika sha teku? Ke kuma ki ce kin tuna."

Seul-bi ba ta yi kuka ba. Ta ji dai kamar an zare tabarma daga ƙarƙashinta. Shekara goma sha shida, duk gidan da aka kai ta, duk ranar da aka haɗa mata kaya, wannan hannu a wuyan rigarta take tunawa ta ce ai ita ma wani ya taɓa shiga ruwa dominta. Har yanzu tana jin gishirin a maƙogwaronta, ga shi ba ita ta sha ba.

Ta ci abincin, don an wahala an dafa. Da za ta tafi, matar ta riƙe mata hannun riga.

"Malamar ta ce wurin zama kike nema na hunturu. Ga ɗaki can, ba kowa."

Seul-bi ta kalli ƙofar ɗakin. A rufe take, an goge mariƙinta yana ƙyalli.

"Jami'a za ta ba ni, Inna. Na gode."

"To. Hakan ya fi." Ta saki rigar, ta cusa mata ledar lemo a hannu.

Ranar Litinin ta miƙa takardar a jami'a, aka ba ta mabuɗi. Su bakwai suka rage a ginin da ke ɗaukar mutum ɗari huɗu, kowa ya san abin da ya bar ɗan'uwansa a nan, ba mai tambaya. Sau biyu ta koma Mokpo a hutun, da rana take zuwa ta dawo da rana. Matar tana kiranta Seul-bi a hankali, kamar mai taka ƙanƙara.

Dab da komawa karatu ta roƙi Malama Tak ta nemo mata abin da aka rubuta kafin Mokpo. Shafi ɗaya aka samu. Akwai sunan mahaifinta, direban babbar mota ne, daga wani gari a tsakiyar duwatsu, tafiyar awa huɗu daga Gwangju. Ta duba lokutan bas ɗin garin har ta haddace su. Zuwa yanzu dai ba ta je ba.