Hannun Baba Salmanu

Kwanson ya sake lanƙwashewa a baki. Baba Salmanu ya zare shi daga injin, ya jefa a bokiti.

"Farantin nan ya kuma kaucewa. Yusif, miƙo sifana."

Su biyun 'yan Zangon Kumasi ne, suna aiki a wani kulob na wasan harbi da ke bayan unguwar Al Warsan a ƙasar Larabawa, inda suke sake cika kwanson harsashin ƙaramar bindiga. Injin yana da faranti mai juyawa. Kowane jan mariƙi sai kwanso ya matsa gaba ya shige raminsa. In ya karkata ko kaɗan, sai ya murƙushe.

Yusif ya kwance farantin, ya share ɓurɓushin tagulla, ya ɗaure notin. Da ya gwada, komai ya tafi sumul. Dattijon na karɓa, kwanso ya sake cijewa.

Sai Yusif ya daina kallon injin, ya kalli hannun dattijon. Yatsun rawa suke, suna ajiye kwanson a karkace. Wannan hannun ne ya tarbe shi a filin jirgi, shi ya koya masa aikin.

"Baba," ya ce a hankali, "injin lafiyarsa ƙalau."

Baba Salmanu ya saki mariƙin, ya dubi hannunsa.

"Tun azumi na lura. Na ɗauka gajiya ce."

"To mu yi musanya. Ni in riƙa ja, ku ku riƙa dubawa. Ba wanda zai sani, khalas, shi ke nan."

"Manaja zai sani, don ni zan faɗa masa."

"In suka soke bizarku fa? 'Yarku Zakiya ba ta gama karatu ba."

"Abin da muke cikawa, ɗan wani ne zai riƙe shi kusa da fuskarsa. In sun yarda da musanyar, alhamdulillahi. In sun ƙi, Kumasi ba ta ƙaura ba."

Ya wanke hannu, ya ɗauko rigar aiki mai tsabta. Maɓallin wuya ya gagare shi. Ya yi ta laluben ramin yana kuskurewa.

Yusif ya matso ya ɓalla masa, ya daidaita kwalar.

"Yalla, mu je, Baba. Tare za mu shiga wajen manaja. Turancinku ba ya fita in ranku ya ɓaci."

Dattijon ya yi 'yar dariya, ya bar shi ya wuce gaba.