Ƙugin da ke Ƙasan Waƙa

Injiniya ba ta yarda da kunnen kowa ba, kuma ba ta yarda da lasifikar kowa ba sai ta tsohuwar motarta. Shekara goma sha ɗaya tana haɗa sautin waƙoƙi a ɗan ɗakin da ke bayan kicin ɗinta, wanda ta liƙe wa soso a bango ta raɗa masa suna situdiyo, kuma babu waƙar da ta taɓa barin hannunta ba ta bi ta cikin motar nan ba. Za ta kwafe waƙar a filashi yadda ta fito daga kwamfuta, cikakkiya, ba irin wadda ake matsewa a tura ta waya har ta koma kamar a gwangwani ake rera ta ba. Sai ta shiga mota, ta ɗage gilasai, ta mayar da bes da tirebul, wato ƙasan sauti da samansa, kan sifili, ta kai ƙara goma sha takwas, ta rufe ido. Lasifikar ƙofar direba tana da 'yar tsaga, ta baya ta hagu ta daɗe da mutuwa, duk ta san halinsu kamar yadda ta san tarin mijinta. In waƙa ta yi daɗi a nan, to ta yi.

Ranar nan kuwa ba ta wasa ba ce. Mawaƙin da ya fara ɗaga sunanta, wanda ya ɗauke ƙafa shekara uku da suka wuce ko ci kanki bai ce mata ba, shi ne ya dawo ya ɗauki waƙa tara a wurinta. Tun tafiyarsa manyan ayyuka suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ta koma haɗa tallar sabulu da ta maganin sauro. Da ya dawo cewa ya yi su sake gwadawa sau ɗaya, ya ƙara da cewa, "Anti, don Allah a duba ƙasan sautin." Ta tambaye shi ko shi zai koya mata aiki. Ƙarfe huɗu na yamma zai zo ya saurara. In bai karɓi aikin ba, ta san ba zai sake taka ƙofarta ba, kuma babu wani babba da zai taka.

Da ƙarfe goma na safe ta fito da filashinta. Kwana biyu motar tana hannun mijinta, malamin makaranta, wai ya kai juyen mai. Tana buɗe ƙofa ta ga abin da ya tsayar da ita. Inda tsohuwar rediyonta take, mai maɓallin da ta ɗaure da salatif, wani allon gilashi ne yake ƙyalli. Ƙofofi huɗu, sababbin lasifiku huɗu. Ta zaga ta buɗe but, ga wani ƙaton akwati baƙi ya cinye rabin wurin, da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti ɗaure a jikinsa.

Wallahi da ɓarayi ne suka kwashe tayoyin motar da abin ya fi mata sauƙi.

Ta sami Malam a falo yana duba takardun jarrabawa, jan biro a hannu, tabarau a kan hanci.

"Malam, me ka yi wa motata?"

"Kin gani ke nan," in ji shi, bai ɗago sosai ba. "Na ce ko za ki so."

"Ko zan so. Yau? Yau da ka san ƙarfe huɗu mutumin nan zai zo? Shekara goma sha ɗaya ina auna aikina da lasifikun nan. Su ne ma'aunina. Ka taɓa ganin an canja wa tela tef ranar da zai yanka yadi? Wa ya aike ka? Na taɓa zuwa ajinka na goge maka allo?"

"Ba ki taɓa ba."

"Ina ka kai su?"

"Suna wurin Dogo, mai haɗa sautin mota."

"Tashi mu je. Yadda ya ciro su haka zai mayar, ko da haƙori ne."

Abin da ya ƙara tunzura ta shi ne yadda Malam ya rufe bironsa a hankali, ya jera takardunsa, ya sa takalmi, kamar wanda ya san da tafiyar tun jiya. Ita ta ja motar. Duk hanya ba ta taɓa allon nan ba, ko kallonsa ba ta yi, sai faɗa take, daga kan motar ta koma kan fentin da ya zaɓa wa falo bara, daga nan ta sauka kan 'yan'uwansa. Shi dai yana riƙe da bel yana kallon titi.

Shagon Dogo rumfar kwano ce a layin masu gyaran mota, tsakanin mai faci da mai walda. Wayoyi ja da baƙi rataye a ƙusa, murafen ƙofofin mota jingine da bango, ƙasa duk ɓawon waya. Dogo da kansa ya fito daga ƙarƙashin sitiyarin wata mota yana murmushi, yana jiran yabo.

"Hajiya, an ji aiki ko?"

"Ina lasifikuna?"

Murmushin ya tafi. Ya nuna wani kwandon roba a gefen bango. Suna ciki, tare da matattun fiyus da gwangwanin man giris. Ta ɗauko ta ƙofar direba. 'Yar tsagar da ta sani ta zama yaga tun daga baki har tsakiya, takardar tana reto.

"Da sukundireba ka ɓanɓare ta ko da gatari?"

"Hajiya, wannan ai ta riga ta mutu, taɓa ta kawai na yi ta ruguje. Ko kyauta aka ba ni ba zan sa wa mutum ita ba."

"Ba mutum za ka sa wa ba, ni za ka sa wa."

"Ba za ta yi ƙara ba, wallahi. Ki dai saurari sabon sau ɗaya. Na lulluɓe ƙofofin nan ta ciki don kada ƙarfe ya yi rawa, na raba wa kowace lasifika aikinta, manya su ɗauki ƙasa, ƙanana su ɗauki sama. Ban ƙara komai ba, komai a sifili yake, Malam ya ce haka kike so. Kuma kada ki bi ta bulutut, ki sa filashi kai tsaye."

"Ni kake gaya wa in sa filashi?"

Ta shiga motar ne kawai don ta sami abin da za ta wanke shi da shi. Dogo ya zauna a gefenta, Malam a baya. Ta ɗage gilasai, ta soka filashin, ta zaɓi waƙa ta farko.

Gaskiya muryar ta fito, ba ta da abin cewa a nan. Amma kafin mawaƙin ya kai ƙarshen layin farko sai ta ji wani abu a ƙasa. Ƙugi ne mai kauri, ba ya hawa ba ya sauka, yana kwance ƙarƙashin ganga da murya, tana jin sa a cinyarta ta cikin kujera. Wani daɗi ya kama ta, irin daɗin mai faɗa in ya sami hujja.

"Ka ji aikinka? Ka ji? Wayar ƙasa ce ba ka ɗaura daidai ba. Ka ja wayar wuta kusa da ta sauti, ga shi nan inji yana shiga waƙa. Wannan ne za a kira gwani?"

Dogo ya haɗe rai. A zagi shagonsa ya haƙura, amma ban da wayarinsa, wato yadda yake haɗa wayoyi. Ya miƙa hannu ya kashe injin, ya bar rediyo a kunne. Ƙugin yana nan. Ya danna ya tsayar da waƙar. Motar ta yi tsit, har ana jin gudumar mai faci daga waje. Ya sake ta, ƙugin ya dawo tare da ita. Ya zare filashinta ya sa nasa, ya kunna wata waƙar da aka haɗa a wani wuri. Ganga ta buga ta ɗauke tsaf, tsakanin bugu da bugu babu komai sai iska.

"Hajiya," ya ce, "in daga wayata ne, ba ruwansa da waƙar da aka sa."

Ta san haka. Tun lokacin da ya tsayar da waƙar ta sani, yaron da ya yi wata ɗaya a aikin ma zai sani. Amma ta fizge filashinta ta mayar. Waƙa ta biyu, ƙugi. Ta biyar, ƙugi. Ta tara. Ta shiga jakar tsofaffin ayyuka, tana latsa allon da ta rantse ba za ta taɓa ba. Tallar sabulun bara, ƙugi. Waƙar da mawaƙin ya yi ta ƙarshe kafin ya tafi, ƙugi, har ya fi na yanzu. Ta koma baya shekara biyar. Wannan fes take.

Sai ta gane muryar abin. Firizar nan ce da ta sayo da kanta shekara huɗu da suka wuce, ta sa aka jingina ta da bangon kicin, bangon da makirufo yake tsaye a bayansa, ta kuma jona ta a layin wutar situdiyo don soket ɗin ya fi kusa. 'Yan lasifikun kan teburinta, masu girman tafin hannu, ba sa kai wa can ƙasa. Tsofaffin na motar ma ba sa kaiwa. Abin sawa a kunne kuwa ta daɗe da jefa shi a durowa, tana cewa ƙarya yake yi wa mutum. Shekara huɗu tana aika wa duniya waƙoƙi da firiza tana amshi a ciki, duk mai mota mai kyau da duk mai babbar lasifika yana ji, ita kaɗai ce ba ta ji.

Kunya ta rufe ta, kuma ita kunya ba ta zama a jikinta, nan take take komawa fushi. Ta ɗaga ido ta kalli madubi. Malam yana kallon gwiwoyinsa. Babu ko ɗigon mamaki a fuskarsa.

"Malam."

"Na'am."

"Tun yaushe ka sani?"

Dogo ya laluba hannun ƙofa ya fice, ya je ya tsaya wurin mai walda kamar yana da magana da shi.

"Shekara biyu," in ji Malam. "A motar mataimakin shugaban makarantarmu. Na sa masa waƙarki ina alfahari, sai ya rage ƙara ya leƙa waje, yana tsammanin babbar mota ce ta tsaya a bayanmu."

"Shekara biyu kana cin abinci da ni kana kallona."

"Na faɗa miki. Ranar da muka dawo daga asibiti da Umma, a kan tebur. Na ce kamar akwai wani abu a ƙasan waƙoƙin. Kika ce in tsaya ga alli da allo, kunnena ko ƙararrawar makaranta ba ya bambancewa."

Ta tuna. Har da dariyar da ta yi bayan ta faɗa.

"To ba sai ka sake faɗa ba?"

"Na sake, sau ɗaya. Kwana uku ba ki yi mini magana ba." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Da na ji yaron nan ya dawo, na ji abin da kika ce masa a ƙofa, sai na ga in ba ke kika ji da kunnenki ba, babu wanda ya isa. Na so a gama tun shekaranjiya, akwatin ne bai iso ba."

"Shi ma yaron ya sani ke nan. Da duk waɗanda suka tafi."

"Ina jin haka."

"Babu wanda ya iya buɗe baki."

Ta nemi wanda za ta yi wa faɗa a cikin motar nan ta rasa. Ta daki sitiyari da tafin hannu har hon ya yi ƙara, mai faci ya waiwayo. Waƙoƙi sun fi ɗari a wayoyin mutane, da sunanta a jiki, babu wadda za ta iya kirawo ta gyara. Idanunta suka cika, ta ƙi bari su zuba a gaban masu gyaran mota.

Agogon allon ya nuna sha biyu saura kwata. Ƙugin a can ƙasa yake, inda murya ba ta kaiwa, ana iya yanke shi in an bi a hankali. Waƙa tara, awa huɗu.

Dogo ya matso da tsofaffin lasifikun a leda. "Hajiya, in gwada liƙe ta?"

"Bar su a kwandonka." Ta tayar da mota. Har ta sa giya ta sauke gilashi. "Wayarinka ba laifi."

Suna isa gida ta wuce kicin ko mayafi ba ta cire ba, ta sa hannu bayan firizar ta fizge wayar. Injin ya yi 'yar shaƙuwa ya mutu. Gidan ya yi wani irin shiru da ta manta akwai shi, har tana jin ɗigar famfo.

"Naman zai narke," in ji Malam daga bakin ƙofa.

"Ya narke."

Ta shiga situdiyo ta buɗe waƙa ta farko. Bayan minti ashirin ta fito da filashi a hannu, ta same shi ya koma kan takardunsa, ta tsaya a kansa.

"Tashi ka zo mota ka zauna. In ka ji wani abu, ka faɗa."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ba za ki yi faɗa ba?"

"Zan yi. Ka faɗa duk da haka."

Ya rufe jan bironsa, ya bi ta waje.