Shuɗiyar Motar Manzo da Farar Ƙasar Kaltumi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso cikin inuwa.

Ta zo mu ji ta, ga mu mun matso.

A zamanin Faransa, bayan yaƙin duniya na biyu, motocin da ke Tawa ba su cika goma ba. Ɗaya cikinsu kamiyo ce, babbar motar kaya ta wani falke mai suna Alhusaini, kuma Manzo ne direbanta. Gero take kaiwa arewa, ta komo da fatu da cuku.

Shi Manzo mutum ne mai yawan kallo da tunani. Wata ranar kasuwa ya tsaya yana duban Buzaye, rana tsaka, sun naɗe kai da rawanin shuni mai duhu, suna ciniki a natse kamar a bakin tafki suke. Ya ce a ransa, ashe shuni ne maganin rana. Bai bar Alhusaini ya huta ba sai da aka sayo fenti shuɗi mai duhu daga Kano, aka shafe motar tun daga hanci har wutsiya. Kai, ta yi kyau! Mata suka fito ƙofar gida suna cewa ga mota ta yi rawani.

Da sanyi ba a gane komai ba. Da bazara ta shigo, gaban motar ya koma tanda. Man shanu ya narke a gora tun kafin a fita gari, sitiyari sai da tsumma ake kama shi. Manzo ya ɗora laifin a kan inji.

To, a gidansa akwai surukarsa, Tanna, mahaifiyar matarsa Kaltumi. Buzuwa ce, aure ya kawo ta Tawa tun tana yarinya, yanzu ta tsufa har ba ta iya zaman jaki, balle raƙumi. A tsakiyar wannan bazara saƙo ya zo daga wata rijiya can bayan Takanamat: ƙanwarta Lalla na kwance, ba ta ci, sunan Tanna kawai take kira. Shekara ashirin ke nan ba su ga juna ba.

Tanna ta ce, "Ku kai ni. Ko a buhu ne, ku kai ni."

Fitilun motar sun daɗe da mutuwa, hanya kuma rairayi ce da ƙaya, dole sai da rana. Suka tashi bayan asuba. Kaltumi ta zauna a tsakiya, don Manzo ba ya iya haɗa kafaɗa da surukarsa, kunya ba ta bari. Kafin hantsi ya yi nisa rufin ya fara zubo musu wuta a ka. Tanna ta soma magana da Buzanci da mutanen da babu su, sannan kanta ya faɗi a cinyar ƴarta. Manzo ya juya motar. Da ƙyar aka farfaɗo da ita a gida, da ruwan randa da jiƙaƙƙen zane.

Da ta buɗe ido sai ta ce, "Mun iso?"



Da la'asar Manzo ya buɗe hancin motar yana ta ƙwaƙule-ƙwaƙule. Kaltumi ta fito da ƙwarya a hannu ta tsaya tana kallonsa. Ita ce matar da unguwa ke kira in za a gyara ɗaki, don ta iya shafen farar ƙasa wanda ba ya ɓarewa. Ta taɓa jikin motar, ta janye hannu da sauri. Ta taka zuwa bangon ɗakinta da ta shafe fari tas, wanda shi ma rana ta wuni tana duka, ta manna tafin hannu, ta bar shi a nan.

Ta ce, "Maigida, zo ka taɓa."

"Ina aiki."

"Aikin me? Injin nan ai bai yi kuka ba tun hantsi, amma ga ƙarfe kamar an sauke shi daga wuta. Rawanin nan da ka naɗa mata ne."

Manzo ya ce, "Haba! To Buzaye fa?"

Daga cikin ɗaki muryar Tanna ta fito, siririya. "Ki faɗa wa mijinki, rawaninmu iska ke yawo a cikinsa. Ƙarfe kuwa ta ina zai yi numfashi?"

Manzo ya sosa ƙeya.

Kaltumi ta jiƙa ƙaro har ya yi yauƙi, ta tankaɗe farar ƙasa, ta dama su tare yadda take yi wa ɗakin amare. Ta hau kan motar da tsumma. Maƙwabta suka taru suna dariya, wata ta ce, "Kaltumi, yaushe ne bikin? Mu kawo gara?" Ita dai shafe take, rufi da hanci da ƙofofi, sau biyu. Alhusaini ya zo ya riƙe baki, yana tuna fentinsa na Kano. Da aka gaya masa dalili sai ya ce, "Allah ya kai ku lafiya," ya juya.

Washegari suka sake tashi. Hantsi ya yi, Manzo ya ɗaga hannu ya taɓa rufin a tsorace. Ɗumi ne kawai, irin na ƙoƙon kunun da ya huce. Ya sake taɓawa. Zafi bai gudu ba, bazara ce, gumi na zuba, amma wutar nan da ke saukowa daga sama ta lafa.

Motar ta yi ta ninƙaya cikin rairayi a hankali, tana karkata dama, tana karkata hagu, kamar ana jijjiga jariri. Can gaba kawalwalniya ta shimfiɗa ruwanta, itatuwan aduwa suka tsaya a ciki kamar masu wanka. Tanna ta lumshe ido. Kaltumi ta firgita, ta girgiza ta.

"Inna!"

"Bar ni, ba suma na yi ba. Ina ganin mu ne, ni da Lalla, muna bin awaki. Wata balbela ta sauko, babba, ta ce mu hau."

Suka wuce Takanamat da azahar. Sau biyu ƙafar motar ta nutse, Manzo ya sauka ya haƙa, ya shimfiɗa rassa, tsohuwa na zaune a ciki tana kurɓar ruwa tana rera wata waƙa da ko Kaltumi ba ta taɓa ji ba. Da suka doshi rijiyar, makiyaya suka bar guga suna kallon farin abu na tahowa ta cikin ruwan da ba ruwa ba.

Aka ɗauki Tanna a hannu har cikin bukkar fata. Lalla ta buɗe ido, ta daɗe tana duba.

Ta ce, "Kin tsufa."

Tanna ta ce, "Ke kin ga kanki?"

Suka yi dariya har tari ya sarƙe su. Ranar nan Lalla ta sha nono, daga hannun yayarta.

Lalla ta ƙara kwana goma sha ɗaya ta rasu, kanta a cinyar Tanna. Tanna ba ta komo Tawa ba, ta zauna wajen danginta damina biyu, da ta rasu aka rufe ta kusa da ƙanwarta. Ruwan farko ya wanke farar ƙasar, motar ta koma dabbare-dabbare, sai Alhusaini ya sayo farin fenti. Manzo ya tuƙa ta shekara tara har injin ya gaji. Kaltumi ta ci gaba da shafe ɗakuna, kuma duk bazara direbobi biyu ko uku na kawo mata motocinsu ƙofar gida.